Bayan taifun ta hau tudu: yadda ake bin sawunta daga Legas da haɗarin da take bari a baya

Daga watan Yuni zuwa Oktoba akwai wani kiran waya da ake yawan yi daga Agege, Idi-Araba, Alaba Rago da Mile 12 zuwa Gwanzu, babban birnin kasuwanci a kudancin Chaina. Maigida ya ga labari cewa mahaukaciyar guguwa ta afka wa kudancin Chaina, sai hankalinsa ya tashi, ya kira yaron da ya tura sayo kaya. Yaro ya ce, "Alhaji, ai ta wuce tun jiya, an ce ma ta yi rauni." Alhaji ya yi hamdala, ya ce to gobe da sassafe a je sito a tsaya kan lodin kwantena. Abin da yaron ya faɗa gaskiya ne, sai dai tsugune ba ta ƙare ba. A da yawa daga cikin guguwoyin nan, kwanaki biyu zuwa biyar da ke biyo bayan saukarsu su ne suka fi cin rai da dukiya, kuma ruwa ne ke yin ɓarnar, a lokacin da kowa ya saki jiki.

Taifun suna ne na guguwar teku a yammacin tekun Fasifik, wato yankin Chaina, Japan, Taiwan, Filifin da Biyetnam. Irinta ce ake kira hariken a Amurka, saiklon kuma a tekun Indiya. Abincinta tururin ruwan teku mai ɗumi, wanda zafinsa ya kai digiri 26 zuwa 27 ko fiye. Da zarar tsakiyarta ta hau tudu, abincin ya yanke, ga duwatsu da gine-gine da itatuwa suna tare iskar. Shi ya sa cikin yini guda ƙarfin iskar kan faɗi da rabi ko fiye, hukumomi kuma su yi ta rage mata daraja. A ma'aunin Hon Kon, iskar da ta kai kilomita 185 a sa'a ita ce babbar taifun ta ƙoli, 150 zuwa 184 mai tsanani, 118 zuwa 149 taifun, 63 zuwa 117 guguwa ce kawai, ƙasa da haka kuma sai a ce ragowa ce. Duk wannan ma'auni iska kaɗai yake aunawa. Tarin ruwan da guguwar ta ɗebo daga teku tsawon mako guda yana nan a cikin gajimare, kuma dole ya zuba a wani wuri.

Don a gane adadin da za a ambata a gaba: milimita ɗaya na ruwan sama daidai yake da lita ɗaya a kan kowane murabba'in mita. Legas, da duk ruwan da muka san tana sha, takan samu wajen milimita 1,500 zuwa 1,800 a shekara cur. Ruwan 10 ga Yuli 2011, wanda har yau mutanen garin nan ba su manta da shi ba, ya ɗan haura milimita 200 ne cikin ƙasa da yini guda.

To ga abin da guguwar da aka ce ta yi rauni ke iya yi. Doksuri ta sauka a Jinjiang da ke lardin Fujian ranar 28 ga Yuli 2023. Washegari an daina kiranta taifun. Ragowarta ta nausa arewa fiye da kilomita 1,500, ta tsaya a kan Beijin da lardin Hebei, ta zuba milimita 744.8 a wata tashar awo da ke gundumar Changping, ruwan da birnin bai ga irinsa ba cikin shekara 140. A garin Zhuozhou ruwa ya shanye manyan sito na littattafai har rufi. Bayan wata guda da 'yan kwanaki sai Haikui, wadda ta sauka a Fujian ranar 5 ga Satumba, aka cire ta daga lissafi, amma daren 7 ga wata ragowarta ta zuba wa Hon Kon milimita 158.1 cikin sa'a ɗaya tak, mafi yawa tun da aka fara awo a 1884, ta kuma cika tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa da titunan Shenzhen. Yagi ta ratsa tsibirin Hainan ranar 6 ga Satumba 2024, ta shiga arewacin Biyetnam ranar 7. Mutanen da suka mutu a can sun haura 300, kuma mafi yawansu ambaliya da zaftarewar ƙasa ne suka ci su a kwanakin baya: gadar Phong Chau ta rufta da motoci a kanta ranar 9, dutse ya binne ƙauyen Lang Nu ranar 10. Mafi muni a tarihi ita ce Nina ta Agustan 1975, wadda ragowarta ta tsaya cak a lardin Henan, can cikin ƙasa nesa da teku, har madatsar Banqiao ta ɓalle, dubban mutane suka nutse a dare ɗaya.

Karanta taswirar

Wanda ya buɗe taswirar guguwa a wayarsa zai ga layi mai ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo da lokacinsa, sannan da'irori da ke ƙara faɗi a gaba, ko wani fasali kamar mazurari. Kuskure na farko shi ne ɗaukar mazurarin nan a matsayin girman guguwar. Yana nuna inda tsakiyarta za ta iya kasancewa ne kawai. A taswirar hukumar yanayi ta Japan, wadda ita ce ke da alhakin raɗa wa guguwoyin yankin suna, ma'anar da'irar ita ce kashi 70 cikin 100 tsakiyar za ta faɗa ciki, saura 30 kuma tana iya fita. Ruwa da iska kuwa sukan kai ɗaruruwan kilomita wajen da'irar. Mutum na iya zama a Yiwu, garin 'yan sari da ke gabashin Chaina, layin ya bi ta nesa da shi, amma ruwan ya same shi har ɗaki.

Akwai lambobi uku da ya kamata ido ya sauka a kansu. Na farko nauyin iska a tsakiya, wanda ake rubutawa da hPa. A rana ta yau da kullum yakan kasance wajen 1013. In ka ga 920 ko 930, abin ya kai intaha. In lambar tana hawa, 960, 980, 995, guguwar na sanyi. Na biyu gudun iskar da ke juyawa, kuma a nan kada a ruɗe in aka ga hukumomi sun saɓa: cibiyar sojan Amurka da ke Hawaii tana auna matsakaicin minti ɗaya, Chaina minti biyu, Japan da Hon Kon minti goma, don haka lambar Amurka kan fi ta sauran girma a kan guguwa ɗaya. Chaina kuma da mita a daƙiƙa take rubutawa. A ninka da 3.6 a samu kilomita a sa'a.

Lamba ta uku ita ce wadda mutane suka fi tsallakewa, alhali bayan sauka ita ce uwa: saurin tafiyar guguwar kanta. Wadda ke tafiya kilomita 30 a sa'a za ta zuba ruwanta ta wuce. Wadda ta ragu zuwa 10, ko aka rubuta cewa ta kusa tsayawa, za ta juye komai a wuri ɗaya. Akwai tsohon ƙiyasi da masu hasashe a Amurka suka daɗe suna amfani da shi, wanda in aka mayar da shi ma'auninmu ya zama a raba 4,700 da saurin tafiyar. Mai kilomita 30 za ta iya ba da milimita 150 da ɗoriya, mai kilomita 10 kuwa ta kusa 470. Ƙiyasi ne na kan yatsa, kuma duwatsu kan ninka shi. Morakot ta Agustan 2009 ba ta da wani ƙarfin iska na a zo a gani, amma ta yi ta jan ƙafa a kan Taiwan har ta sauke fiye da milimita 2,700 a dutsen Alishan, ƙasa ta zaftaro ta binne ƙauyen Xiaolin da mutane sama da 400.

Sai a duba wane ɓangaren layin mutum yake. A arewacin duniya guguwar na juyawa ne saɓanin hannun agogo, don haka in ka fuskanci inda ta dosa, hannun damanka shi ne ɓangaren da ya fi muni. A can gudun juyawa da gudun tafiya suke haɗuwa, kuma a can iska ke turo ruwan teku kan tudu. Ga Gwanzu, Shenzhen da Hon Kon, wannan na nufin guguwar da ta sauka yamma da su, wajen Zhuhai, Taishan ko Yangjiang, ta fi musu haɗari a kan wadda ta sauka gabas. Mangkhut ta 16 ga Satumba 2018 a Taishan ta sauka, amma Hon Kon ta sha kashi a hannunta.

Abu mafi muhimmanci a bibiya shi ne wannan: idan guguwa ta koma ragowa, shafukan da ke bin taifun sukan daina zana layinta. Sunanta ya ɓace daga labarai. A daidai nan ne ya kamata a sauya abin da ake kallo, a bar taswirar guguwa a koma hoton rada mai nuna inda ruwa ke zuba a yanzu, da hasashen tarin ruwan kwana uku, da gargaɗin hukumar garin da mutum yake. Manhajoji irin su Windy da Zoom Earth suna nuna hoton rada da hasashen ruwan kyauta, kuma daga Legas ana iya buɗe su. Amma su na kallo ne, umarni na hukumar gari ne. Chaina na amfani da launi huɗu, shuɗi, rawaya, ruwan lemo da ja, lardin Guangdong, inda Gwanzu take, kuma ya ƙara fari a farkon na taifun. Gargaɗin ruwan sama daban yake da na guguwa, don haka ana iya sauke na guguwa a ɗaga jan gargaɗin ruwa a rana ɗaya. A Hon Kon lambobin iska su ne 1, 3, 8, 9 da 10, na ruwa kuwa rawaya a milimita 30 cikin sa'a, ja a 50, baƙi a 70. A Japan, inda gargaɗi ke da mataki biyar, mataki na 4 ke nufin kowa ya bar wurin haɗari, wanda ya jira na 5 ya makara. Idan aka ji an ayyana dakatarwa biyar a Guangdong, makarantu, aiki, masana'antu, sufuri da kasuwanni ke nan aka rufe, kuma ba a fita sai an ɗage.

A kula da agogo. Chaina na gaban Najeriya da sa'a 7, Japan da 8. Wasu taswirori kuma da agogon GMT suke rubutu, wanda Najeriya ke gabansa da sa'a ɗaya. Maigidan da ya lissafa ba daidai ba zai iya cewa yaronsa ya fita a daidai lokacin da ya kamata ya zauna.

Sa'o'in farko

In tsakiyar guguwa ta bi ta kan gari, za a ga iska ta ɗauke ɗif, wani lokaci har rana ta leƙo. Wannan shi ne idon guguwa, kuma lafawar kan ɗauki daga 'yan mintuna zuwa sa'a ɗaya ko fiye. Bayan nan iskar za ta dawo da cikakken ƙarfinta daga ɗaya ɓangaren, ta sami rufin da allunan talla da ta riga ta sassauta. Wanda ya fita gyaran kwano ko ɗauko mota a wannan tsakani shi ne ke haɗuwa da ita. A zauna a ɗakin da ke tsakiyar gini, nesa da gilashi, sai hukuma ta ce ta wuce. Manna salatif a taga ba ya hana ta fashewa. A ja labule, a bar wurin. A dogayen benaye iska ta fi ƙarfi a sama, kuma ba a shiga lif, domin wuta na iya ɗaukewa ko ruwa ya cika raminsa.

A bakin teku kuwa abin tsoro shi ne tumbatsar teku, wato ruwan da iska ke turowa kan tudu. Shi ya kashe mafi yawan mutane fiye da 6,000 da Haiyan ta ci a Filifin ranar 8 ga Nuwamba 2013, inda ruwa ya kai wajen mita 5 a birnin Tacloban. Tumbatsar ba ta janyewa da zarar guguwa ta sauka. In ta haɗu da cikar teku ta yau da kullum, musamman a tsayuwar wata ko tsakiyarsa, sai ta toshe bakin kogi, ruwan sama ya rasa mafita ya koma cikin gari. Gwanzu a kan Kogin Lu'ulu'u take, kuma haka kan faru da ita.

Ƙarƙashin ƙasa, da mota

A nan ne ya kamata ɗan kasuwa ya fi natsuwa, domin yawancin sito masu araha, da wuraren ajiye motoci, da wasu shagunan kasuwa a biranen Chaina, a ƙarƙashin gini suke. Ruwa na gangarowa ta matakala ya cika su cikin mintuna. Ɗauki ƙofa mai faɗin santimita 80 wadda ruwa ya taru a bayanta zuwa rabin mita, wato gwiwar babban mutum. Nauyin da ke danne ta ya kai kilo 100, buhun masara guda. In ruwan ya kai mita ɗaya, nauyin ya zama buhu huɗu, ba ƙaton da zai ture ta. Ga wuta ta ɗauke, ga duhu, ga katan-katan na yawo a kan ruwa suna tare hanya. Lokacin taifun Hato a Macau, 23 ga Agusta 2017, cikin mutane goma da suka mutu akwai waɗanda aka tsamo daga wuraren ajiye motoci na ƙarƙashin ƙasa. A birnin Zhengzhou na lardin Henan, 20 ga Yuli 2021, milimita 201.9 suka zuba cikin sa'a guda, da taimakon danshin da taifun In-fa ke turowa tun tana can nesa a teku, mutum 14 suka mutu a jirgin ƙarƙashin ƙasa. Saboda haka duk kayan da za a kwashe a kwashe su kafin ruwa, a kai hawa na biyu ko a ɗora kan katako mai tsayi. Da zarar ruwa ya fara gangarowa a matakala, kada maigida ya ce wa kowa ya sauka ceto kaya, ko na miliyan nawa ne. Yaro mai kunyar maigidansa zai sauka in an ce ya sauka, don haka nauyin na kan wanda ke ba da umarni daga Legas.

Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15, wato ya rufe idon sawu, yana iya kayar da babba. Santimita 30 na ɗaga ƙaramar mota, 60 na tafiya da jif. Ba a kuma ganin abin da ke ƙasa: murfin rami da ruwa ya ture, kwalbatin da ya rufta, wayar wuta. Hanyar da ta nutsa ta bi ƙarƙashin gada ita ce ta fi cin direbobi, domin daga nesa ruwan kamar ba shi da zurfi. In mota ta mutu a cikin ruwa mai hawa, akwai kamar minti ɗaya kafin lantarkin gilashi ya daina aiki. A kwance bel, a sauke gilashi, a fara fitar da yara, a fita ta taga a hau rufi. Ba lokacin kiran waya ba ne, kuma ƙofa ba za ta buɗu ba.

Kwana biyu zuwa biyar

Ruwan da ya zuba a kan duwatsu sai ya ɗauki lokaci kafin ya iso gari. Shi ya sa kogi kan kai ƙololuwar cikarsa ana tsakiyar rana ƙwal, sama tas. Madatsun ruwa kuma in suka cika dole a buɗe su, kamar yadda Shenzhen ta yi da tsakar dare lokacin Haikui. Duk wanda masaukinsa ko masana'antar da yake sayen kaya ke kusa da kogi, ya tambayi mai gidan ko akwai sanarwar sakin ruwa.

Zaftarewar ƙasa ma jinkiri take yi, sai ƙasa ta sha ta ƙoshi, kuma tana iya zuwa bayan an ɗauke ruwa da kwana ɗaya ko biyu. Alamominta: rafi ya yi baƙi ƙirin da laka nan take, ko ruwansa ya ragu alhali ana ruwan sama, wanda ke nuna wani abu ya tare shi a sama, ƙananan duwatsu na gangarowa, bango ko ƙasa na tsagewa, ƙofa ta ƙi rufuwa, itatuwa da turakun wuta sun karkata, ko a ji rugugi daga dutse. In an ga haka a gudu ta gefe, kada a bi gangare, domin laka ta fi mutum gudu. In ba halin fita, a hau bene a koma ɗakin da ke nesa da dutsen. Masu tafiya daga Gwanzu zuwa garuruwan masana'antu ta mota su jinkirta kwana biyu ko uku, ko da jiragen sama sun dawo tashi a Baiyun, filin jirgin saman Gwanzu.

Wuta, hayaƙi da cuta

Duk wayar da ta faɗo a ɗauka tana da wuta, a tsaya nesa da ita mita 10, kada a taka ruwan da take ciki. In ta faɗo kan motar da kake ciki, ka zauna har masu gyara su zo. A gidan da ruwa ya shiga, a kashe babban makunni tun kafin ruwan ya iso, kuma ba a taɓa shi ana tsaye cikin ruwa. In an ji warin gas, a buɗe tagogi a fita, kada a kunna ko kashe komai.

Maganar janareta ba baƙuwa ba ce ga mutumin Legas, mun sha jin iyali guda sun kwanta ba su tashi ba. Gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari ba ta da launi. Dalilin da ya sa mutuwar ke yawa bayan guguwa shi ne ana shigo da shi baranda ko kicin don gudun ruwa. Wurinsa waje, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, bakin salansa na kallon nesa da gida. Haka murhun gawayi. Ciwon kai, jiri da tashin zuciya da suka kama mutane da yawa a ɗaki ɗaya alama ce ta a fita iska nan take a nemi asibiti.

Ruwan famfo bayan ambaliya abin zargi ne. A tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka. In ba wuta, a ɗiga bilic marar ƙamshi ɗigo biyu a kowace lita, a jira minti 30. In ruwan ya yi gurɓi a tace da tsumma mai tsabta a ninka ɗigon. Tanadin da ya dace tun farko shi ne lita 3 zuwa 4 ga kowane mutum a rana, na kwana uku. Firji a rufe yana riƙe sanyi sa'a 4, firiza cikakkiya kwana biyu, kuma duk abincin da ruwan ambaliya ya taɓa a zubar. Gudawa in ta kama, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Akwai kuma cutar da ake ɗauka daga fitsarin ɓera da ke cikin ruwan, tana shiga ta ƙujewa ko tsagar ƙafa. Takan bayyana bayan kwana 5 zuwa 14, wani lokaci har wata guda, da zazzaɓi, ciwon sha-raɓa, jan ido, daga baya shawara. Wannan tazara tana nufin mutum zai iya saukowa a Ikeja lafiya lau, ciwon ya tashi a Agege, a yi ta ba shi maganin maleriya. A gaya wa likita cewa an shiga ruwan ambaliya a ƙasar waje, domin maganinta na nan kuma yana aiki in an fara da wuri. Zazzaɓin dengi ma kan ƙaru a makonnin baya saboda sauro.

A Chaina kusan komai da waya ake biya, WeChat ko Alipay. In wuta da sabis suka ɗauke, mai kuɗi a asusu ya zama marar ko sisi. A riƙe tsabar kuɗi na kwana uku, a cika waya da batirin ajiya, a sa fasfo a leda mai zif, a rubuta adireshin masauki da rubutun Chaina a takarda. Lambobin gaggawa: 110 'yan sanda, 119 'yan kwana-kwana, 120 motar asibiti, a Hon Kon kuma 999. Najeriya na da ƙaramin ofishin jakadanci a Gwanzu. In soke jirgi zai sa biza ta ƙare, a je ofishin shige da fice da shaidar sokewar kafin ranar ƙarewa. Daga gida kuma a rage kira, a yi saƙon rubutu a lokacin da aka yi alkawari, sau biyu a rana ya isa, don batirin da ke hannunsa shi ne fitilarsa.

Kaya da kwantena

Tashoshin jiragen ruwa na Nansha, Shekou, Yantian da Ningbo sukan rufe kwana ɗaya zuwa uku, amma cunkoson da ke biyo baya kan ja mako ko fiye, kuma wannan jinkiri zai bayyana a ranar isowar jirgi Apapa ko Tin Can. Kada a yi wa masu jiran kaya alkawarin rana sai an ga jirgi ya tashi. Kafin lodi, a sa ejan ya ɗauki bidiyon katan na ƙasa, a buɗe wasu a taɓa. Yadi, takalma da shadda in aka rufe su da danshi a kwantena na sama da wata guda a teku, da hunhuna za su iso. Batiran sola, na keke da na caji waya da suka jiƙe, musamman da ruwan gishiri, suna iya kamawa da wuta bayan kwanaki ko da sun bushe a ido; ba a caja su, ba a loda su, a ajiye su a fili nesa da sauran kaya. Mai inshora zai nemi hoto mai kwanan wata da alamar inda ruwa ya kai a bango, don haka a ɗauka kafin a fara shara.

Legas kanta

Taifun ba ta zuwa Legas. Garin na digiri 6 da rabi ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, inda juyawar duniya ba ta da ƙarfin da za ta murɗa guguwa sosai, kuma hadarin da ke tashi daga Yammacin Afirka yamma yake nufa, sai ya wuce tsibiran Kef Bade yake zama hariken ya dosa Amurka. Gabashin nahiyar ne ke shan irinta, kamar Idai da ta afka wa Beira a Mozambik cikin Maris 2019, da Freddy ta 2023 wadda ta fi yin kisa a Malawi, ƙasar da ba ta da teku ko taku ɗaya.

Sai dai kashi na biyu na labarin, ruwan da ke zuwa bayan an saki jiki, namu ne sak. Mazauna Mile 12, Agiliti, Owode Onirin, Isheri da Ajegunle ta hanyar Ikorodu sun san kogin Ogun kan cika a Satumba da Oktoba in an saki ruwa daga madatsar Oyan, ko da ba a yi ɗigon ruwa a unguwar ba. A Lekki da tsibirin Victoria, ruwan sama in ya haɗu da cikar teku, lambatu ba ya zubarwa sai teku ta janye. Maiduguri ta ga nata ranar 10 ga Satumba 2024 da madatsar Alau ta ɓalle cikin dare. Abin bibiya a nan shi ne hasashen kwana uku na hukumar yanayi ta ƙasa, NiMet, da sanarwar hukumar kula da koguna ta NIHSA, da ta gwamnatin jiha kan sakin ruwan Oyan. Masu rumbun albasa, wake da shinkafa a Mile 12 su ɗaga buhuna a kan katako tun ƙarshen Agusta, masu dabbobi su san tudun da za su kora su tun kafin dare ya same su. A kafa sanda mai zane a bakin rafi ko lambatun unguwa, a duba ta safe da yamma. In ruwa na hawa alhali an ɗauke sama, daga sama yake zuwa, kuma lokacin fitar da tsofaffi da yara ya yi. Lambar gaggawa ta jihar Legas 112 ce ko 767, kuma kiran kyauta ne.